Bayan Akori-kurar Baba

Laraba, bayan isha'i, Bodinga.

Barci ya ƙi zuwa. Tun da na gaji akori-kurar marigayi Baba nake son a sauke ta ƙasa-ƙasa, irin yadda samarin birni ke yi. Yau na sa Malam Sani bakanike ya rage mata sifirin, ƙarafan da ke tallafe da jikinta. Ya auna da hannunsa, ya ce, "Ɗan Alhaji, babanka bai taɓa barin cikinta ya gaza kamu guda daga ƙasa ba. Motar ga ta saba kai gawa maƙabarta, bar mata tsayinta." Na yi dariya, na ce taƙi ɗaya ya isa.

Da la'asar na nufi Shagari, bayan motar a rufe da tamfol, ba komai ciki. Daidai kwanar Mandera, inda Baba yakan tsaya a ɗora makara, sai bayan ya nutse a hankali, kamar mutane sun aza wani abu. Cikinta ya riƙa gurzar ƙasa. Na sauka na leƙa, ba rami, ba dutse.

Ɗazu na fita da tocila na sake aunawa. Taƙin ma bai cika ba. Gobe da sassafe zan mayar da sifirin. Amma tamfol ɗin nan, wallahi na kasa ɗaga shi.