Ƙasa Ta Amsa

Litinin, 3 ga Maris
Yau aka kawo shi. Injin haƙa fandisho, dogo har ya wuce falwayar lantarki, leburori sun riga sun raɗa masa suna Raƙumin Dawa. Ƙanena Auta ne ya sayar da tifofinmu biyu ya sayo shi, kuma wai na hannu ne. Na hannu! Kamfanin namu ne mu biyu tun rasuwar Baba, amma sai da aka gama ciniki na ji labari. Wai ya san zan hana. Ai kuwa da na hana.

Talata, 4 ga Maris
Shekara ashirin da shida ina haƙa fandisho da diga da shebur. In rami ya kai mita biyu sai in sauka da rodina in doki ƙasa sau uku. In ta yi ƙara garau in ce "ta amsa", a zuba kankare. Haka Baba ya koya mini. Gidan Inna da ke bayan katangar filin nan, mai bene ɗaya, ni na ce ta amsa, shekara tara ke nan, ga shi nan tsaye. Na tuna wa Auta. Ya ce, "Yaya, bene huɗu mai aikin yake so, kuma injiniyansa ba zai sa hannu a kan kunnenka ba." Kunnena! Yaron da na koya wa riƙe awo.

Alhamis, 6 ga Maris
Tiyon mai ya fashe. Raƙumin ya wuni a tsaye, mutum goma sha biyu suna zaune a inuwarsa. Wallahi daɗi na ji.

Asabar, 8 ga Maris
Na leƙa Inna. Ƙofar ɗakinta ta sake cijewa, sai an sa kafaɗa. Sau biyu ina sa kafinta ya rage mata ƙasa. Ta ce, "Kafintan nan naka ba shi da hannu." Na ce zan turo shi ya gyara aikinsa. Ta tambayi me ke girgiza mata kwanuka tun safe, na ce ta tambayi autanta.

Litinin, 10 ga Maris
Na gaji da gardama. Na sa an haƙa mini rami da hannu a kusurwar da ke jikin katanga. Mita biyu cif. Na sauka, na doka sau uku, ta amsa ras, har na bakin hanya ya ji. Na ɗaga kai na ce, to? Auta ya ce, "Gobe a sa injin a ramin naka." A sa mana. Ni na ga abin da zai tono da ya fi ƙarfin diga.

Talata, 11 ga Maris
Ban so rubutawa ba.

Bakin injin ya shiga ramina, ya yi ta gurnani kamar zai karye, ina tsaye ina murmushi. Can sai ya zurma gaba ɗaya. Da aka ɗago shi, gutsattsarin tsohon kankare ne da fasassun bulo, kaurinsu bai fi kamu biyu ba. Ƙarƙashinsu baƙar laka mai wari, da tsummoki, da wani takalmi ƙafa ɗaya. Ashe kududdufi ne aka cike da ɓaraguzan gini tun kafin mu san unguwar. Mita biyar, laka. Takwas, laka. Sai a goma sha ɗaya aka sami ƙasa ta gaske.

Direban injin ya cire abin toshe kunnensa ya ce, "Maigida, kunnenka bai yi ƙarya ba, an amsa maka. Amma ba ƙasa ce ta amsa ba." Wa ya tambaye shi?

Auta ya juya ya ci gaba da aikinsa. Wannan ya fi komai ƙona mini rai. Da ya yi dariya da na sami abin faɗa.

Laraba, 12 ga Maris
Ban fita ba. Kaina ke ciwo.

Alhamis, 13 ga Maris
Na auna da ƙafa daga bakin ramin zuwa bangon Inna. Taku goma sha huɗu. Na shiga wai gaisuwa, tana ɗaki na ɗage kalandar da ke saman ƙofar. Tsaga ce, ta tashi daga kusurwa ta nufi rufi. Birona ya shiga har rabi. Na mayar da kalandar. Ta fito ta ce, "Yaushe kafintan zai zo ne?" Na ce yana tafe. A nan take kwana kullum, ita da jikoki uku.

Juma'a, 14 ga Maris
Har yanzu ina kan bakana, injin nan ya cika surutu, ga shan mai kamar ba gobe, kuma ya kamata a ce an shawarce ni.

Na ce wa Inna ta dawo gidana ita da yaran na kwana biyu, saboda ƙarar tana hana ta hutawa. Ta yi ta mita, amma ta haɗa kaya. Na sami direban shi kaɗai na ce ran Litinin ya huda mini rami ɗaya a jikin bangonta, in ga wani abu. Auta ya jiyo, ya juya yana duban sama.

Rodin yana bayan mota. Na kira kafinta na ce kada ya zo.