Bargonki a Kejin Dunƙule

Zuwa ga ƙanwata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara miki haƙurin zaman nesa, ya sa ki gama aikin lafiya ki dawo mana. Mu nan alhamdulillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa, kin kuwa san in ta fara faɗa to lafiya ta samu.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ɓerayen Masar ɗin nan biyu da kika saya wa Autarki kafin ki tafi. Tun tafiyarki yarinyar nan ba ta cika magana ba sai da su. Daga makaranta kejinsu take nufa, ko jaka ba ta saukewa. To, Baban yara ya ji kejin yana wari, sai ya ciko buhu da dusar katako daga shagonsa, ta wani icce mai ƙamshi da yake yin kabad da shi, ya zuba musu yana ta yabon kansa wai ya kama musu ɗaki a otal. Ba a jima ba Dunƙule, mai ƙibar nan daga cikinsu, ya fara atishawa, idanunsa na ruwa, ƙirjinsa na ƙara kamar ana murza leda. Ranar da ya kau da kai daga karas gabana ya faɗi, don shi wannan ko yatsanki ya samu sai ya ɗanɗana.

Likitan dabbobi ya ce hancinsu kullum a ƙasa yake, ƙurar da ƙamshin duk huhunsu suke shiga. Ya ba da magani, amma bai yi mini alƙawarin komai ba. Muka kwashe dusar, sai kowa ya zama malami: maƙwabciyarmu ta ce auduga, Inna ta ce yashi. Na koma wurin likita, ya hana duka biyun, ya ce auduga tana toshe musu ciki in sun ci, yashi kuma wata ƙurar ce. Abin da ya yarda da shi bargo ne mai laushi wanda ba ya fid da zare, a sa tawul a ƙarƙashi ya tsotse fitsari, a riƙa canzawa, da busasshiyar ciyawa marar ƙura a gefe.

Na birkice gidan nan kaf, duk tsummokaranmu zare suke yi. Sai ga Auta da bargon nan naki shuɗi. Ban taɓa gaya miki ba don kada hankalinki ya tashi, amma da shi take kwana tun da kika tafi, ta hana a wanke, wai ƙamshinki yana jiki. Na ce mata sai an wanke shi tas kafin a shimfiɗa, kuma in ya shiga keji ya shiga ke nan. Ta cusa fuskarta a ciki ta daɗe, sannan ta miƙo mini ta ce Dunƙule ya fi ta buƙata. Wallahi sai da na shiga banɗaki na yi kuka.

Yanzu ya ɗan fara taɓa ciyawa, amma numfashin bai daidaita ba. Ina jin tsoro, ƙanwata. In ya mutu ban san da wane ido zan kalli yarinyar nan ba. Ita ma ga ta nan ba ta samun barcin kirki, idanu duk sun faɗa, kuma ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba.

Inna tana gaishe ki tana sa miki albarka, haka Kawu da 'yan biyu. Baban yara ma yana gaisuwa, da ƙaramar murya. Don Allah, duk wanda kika samu mai tahowa, ki ba shi mayafinki ɗaya, wanda kika fi yafawa. Kada ki wanke shi.

Wassalam, taki har kullum,
Yayarki