Ɗigon Jan Farce a Kan Notin Birki

Assalamu alaikum, mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin da ke damuna ƙarami ne a ido, amma ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Ba zan iya kai shi gaban abokaina ba, don na san dariya za su yi mini har su faɗi daga kan benci.

Ni tsohon mai awon filaye ne, shekaruna sittin da bakwai, na ajiye aiki shekara takwas ke nan. Alhamdulillahi ba ni da kuka da rayuwa. Yara sun kama gabansu, ni da mai ɗakina muna zaune lafiya, faɗanmu bai wuce kan wanda ya bar fanka a kunne ba. Abin da nake ɓata lokacina a kai mota ce, 'yar ƙarama mai kujera biyu, irin ta tsere, wadda ake naɗe rufinta a baya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, mutum ɗaya zai tura ta da hannu guda, shi ya sa a gida ake ce mata 'Yar Shila. A mace na saye ta, ciyawa ta tsiro ta cikin ƙafafunta, kaza tana ƙwai a kujerar direba. Shekara biyu na yi ina tada ta a garejin gidana. Na sauke inji, na wanke kabureta da buroshin haƙori, na sake wayoyin wuta ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ta fara tashi, mai ɗakina ta fito a guje da ludayi a hannu, ta ɗauka wani abu ne ya fashe. Tun daga ranar babu bakaniken da ya sa wa motar hannu. Juyen baƙin mai, fulogi, birki, ruwan lagireto, duk ni ne.

Sai maganar autata. Tana aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, tana da aure da 'ya'ya biyu. Cikin 'ya'yana biyar ita kaɗai ta gado ni a son ƙarfe. Yayyenta maza ko taya ta yi faci sai sun buga waya. Duk Asabar da safe Auta takan zo, ta zura tsohuwar rigar aikina, ta ɗaure ɗankwali tamau, mu shiga gareji. Ni na koya mata yadda ake sauraron inji, da yadda ake gane lafiyarsa daga launin fulogi. In mun gama sai mu naɗe rufi mu zaga ta hanyar bayan gari mai yawan kwana, iska tana dukanmu, muna ihu kamar yara. Wallahi ban san wani daɗi da ya fi wannan ba.

Mako uku da suka wuce na shiga ƙarƙashin motar neman inda mai ke ɗiga. Da na haska tocila sai na ga wani ɗan jan ɗigo a kan notin birkin gaba. Na ɗauka tsatsa ce, na kankara da farce, ashe fenti ne. Na duba na kusa da shi, akwai. Na bi notocin taya, na bi na sitiyari, duk wurin da na taɓa ɗaurewa a 'yan watannin nan akwai ɗigon. Na fito na nuna wa mai ɗakina abin da na kankaro. Tana gani ta ce ai jan farce ne, sai kuma ta kama bakinta. Shekara arba'in da ɗaya muna tare, na san fuskarta in ta yi suɓul da baka. Na zaunar da ita, ta faɗa mini komai.

Wai bara, bayan na canza fatun birkin gaba, Auta ta fita da motar ita kaɗai don gwaji, ta ji wani abu yana ƙwanƙwasa. Ta tsaya a gefen hanya ta duba, ta tarar notoci biyu da ke riƙe da birkin da yatsa ma ana juya su. Ta ɗaure su, ta dawo gida ba ta ce mini uffan ba, sai da ta shiga ɗakin uwarta ta faɗa mata abin da ta gani. Tun daga ranar suka haɗa baki. Da mun gama aiki, mai ɗakina za ta kira ni in zo in sha shayi tun bai huce ba, ko in buɗe mata wata kwalba da ta ƙi buɗuwa, ita kuwa Auta ta bi bayana da sifana, duk notin da ta tabbatar sai ta ɗiga masa alama. Ni ina can ina jin daɗi wai matata ta ƙara kula da ni a tsufa.

Gaskiya ita ce hannuna na dama ya rage ƙarfi. Ciwon gaɓɓai ya kama mini yatsu, in na ja sifana zafin kan sa in ɗauka na kai ƙarshe alhali ban kai ba. Na san da ciwon, ban san ya kai nan ba.

Ban yi fushi ba, ko kuwa in ce fushin bai kwana ba. Wani lokaci in na tuna sai in yi murmushi, in ce lallai na haifi 'ya. Wani lokaci kuma sai in ji kamar an mai da ni ƙaramin yaron da ake ba sitiyarin roba ya yi ta juyawa. Na roƙi mai ɗakina kada ta gaya wa Auta na sani. Asabar biyu ke nan ina tafiya shan shayin kamar kullum, ina jin ƙarar sifana ta taga. Shin in fito in gaya mata? Ina tsoron kunya ta sa ta daina zuwa, ko kuma ta ce in daina aikin gaba ɗaya. Ko in ci gaba da yin kamar ban sani ba, tunda zaman lafiya muke? Ko dai lokaci ne ya yi da zan miƙa mata makulli in koma kan kujera?

Daga wani tsohon mai awon filaye

*

Wa alaikumus salam, Baba.

Da dukan wasiƙun da ke zuwa teburina irin taka ne, da na yi ƙiba. Mutane suna rubuto mini 'ya'yansu ba sa ɗaga waya, kai kuwa taka tana kwanciya a ƙasan mota duk Asabar don ta tsare maka rai da mutunci a lokaci guda. Ka gode wa Allah.

Amma ba zan ce abin da ka ji ba komai ba ne. Wanda ya tada mota daga kabari da hannunsa, dole ya ji ciwo in ya gano ana bin sawunsa a ɓoye. Kuma Auta da mahaifiyarta, duk da kyakkyawar niyyarsu, sun yi kuskure ɗaya babba. Ka ɗauka wata Laraba ka taɓa birki kai kaɗai, Auta tana wurin aiki, ka ɗauki mota ka fita. Wa zai bi bayanka? Ɓoyewar ta rufe maka kunya, amma ta bar ka ba ka san haɗarin da kake ciki ba, kai da duk wanda ke kan hanya. Saboda haka yin shiru ba mafita ba ce. Yanzu mutum uku ne a gida ɗaya, kowa yana wasan ɓuya da ɗan'uwansa.

Ka gaya mata, kuma kai za ka fara, don jin nauyinka ne ya hana ta. Ka soma da godiya, ka bar maganar ɓacin rai, in ya so ta zo daga baya cikin raha. Ba na jin za ta daina zuwa. Wadda ta yi shekara guda tana wannan ɗawainiya, sauke mata kaya za ka yi.

Sannan ku raba aiki a fili. Kunne naka ne, sanin motar naka ne: daidaita kabureta, gano inda ƙara ke fitowa, sanin abin da ya kamata a kwance. Ɗauri na ƙarshe a birki, taya da sitiyari nata ne, kana tsaye kana kallo. Ku nemi sifanar nan mai auna ƙarfin ɗauri, wadda ke yin ƙas in noti ya kai, don kada ka ƙara dogara da abin da yatsunka ke gaya maka. Ka kafa wa kanka doka: duk ranar da ka taɓa waɗannan wurare uku, mota ba ta fita sai ido na biyu ya gani. Kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai ba tare da an tokare ta ba, kuma ba kowa a gida. Hannun nan kuma ka kai wa likita, ka faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, kada ka rage.

Maganar miƙa makulli, ban ga dalilinta ba tukuna. Ƙarfin yatsu ne ya ragu, ba ilimi ba, kuma ba a sallami gwani don ya nemi a kama masa. Kai da ka yi awon filaye ka fi ni sani, ba a jan igiyar awo da mutum ɗaya.

Wannan Asabar ɗin, kafin a ɗaga bonet, ka zaunar da ita ka faɗa mata. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya yi wa Auta albarka, Ya ba ta masu yi mata fiye da haka, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.