Wanda Ya Koya wa Eladio Bugu

New York, 7 ga Afrilu, 1983

Zuwa ga Yayana Anselmo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Ramona da duk mutanen unguwa. Yaya aikin rake?

Yaya, yaronmu ya shiga. Ƙungiyarsu ta buɗe kakar besbol ta bana, wasan nan na dukan ƙwallo da sanda, a nan garin, kuma Eladio na cikin tara na farko. Na ɗauki hutu a wurin aiki, na saka kwat ɗina na coci. A zuwansa na biyu gaban mai jifa ya ɗauke ƙwallo ta haye katanga. Na miƙe ina ihu ina cewa ɗana ne, har wani Bature ya kifar mini da giya a wando, ban ma lura ba sai a jirgin ƙasa.

Bayan an tashi wani ɗan jarida ya ɗauke mu hoto tare. Ga shafin nan na yanko maka. Ka kai kantin Tavárez ka manna a bango, masu cewa yaron ba shi da ƙirji su gani. Kowa a nan cewa yake yi kamarmu ɗaya.

Ka huta lafiya.
Ƙanenka, Nicanor

San Pedro de Macorís, 19 ga Afrilu

Nicanor,

Na gaishe ka. Muna lafiya, injin rake bai tsaya ba tukuna.

Takardarka ta iso. Ban kai hoton kanti ba, don ya riga ni zuwa. Wani da ya dawo daga wajenku ya kawo jaridar, Tavárez ya hau akwatin lemo ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Da ya zo inda aka ce "mahaifinsa ne ya fara damƙa masa sanda", sai ya sauke takardar ya dube ni. Ya ce, "Anselmo, ashe ta gidan waya aka koya wa yaron nan bugu?" Aka yi dariya har masu domino suka watsar da wasansu. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi.

Yana shekara huɗu ka tafi, wata biyu bayan rasuwar uwarsa. Ban taɓa goranta maka ba. Amma shekara goma sha biyar ina tasowa daga injin, kunnena na ƙara, in tsaya bayan gida ina jefa masa murfin kwalba yana duka da sandar tsintsiya. Babban yatsana na dama har yau ba ya lanƙwasa, ƙwallonsa ce ta karya shi. Ɗan jaridar ya tambaye ka, kana da baki, ba ka gyara masa ba.

Yanzu kantin ya rabu biyu. Wasu na cewa Eladio zai zama gwarzon sababbi na bana, wasu na cewa yaron nan na garin Baní da ke wata ƙungiyar ya fi shi ido. Ranar Lahadi muna jin wasa a rediyo, aka fitar da Eladio sau uku bai taɓa ƙwallo ba. Zan gaya maka abin da ban gaya wa Ramona ba: na ji sanyi a raina. Na ce to, ubansa ya gyara masa. Na dawo gida na kasa cin shinkafata.

Shi ma tun da ya tafi ko layi ɗaya bai rubuto mini ba. Na fahimta. Ya sami uba mai kwat.

Ka gaishe shi in ka ga dama.
Anselmo

New York, 3 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina kuma neman ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yaga.

Kun ji halin da ake ciki. Sau talatin Eladio ya je gaban mai jifa, sau biyu kacal ya samu bugu. Jaridar da ta sa hotonmu ita ce yau ke cewa a mayar da shi ƙaramar ƙungiya ya ƙara dahuwa. A shagon aski masu rungume ni a da sun koma sunkuyar da kai.

Ranar hutunsu ya hawo jirgin ƙasa ya zo wurina. Na dafa masa mangú, kirɓaɓɓiyar ayabar nan tamu, da albasa, ya ci kaɗan. Ka san me yake kirana? "Don Nicanor". Haka yake kirana tun da ya zo ƙasar nan, kamar mai gidan haya. Can sai ya miƙe a tsakiyar kicin, ya ɗauki lema ta ruwan sama ya riƙe kamar sanda, ya kai bugu a iska sau uku. Ya ce, "Dube ni da kyau. Me ya canza?"

Na duba, Yaya. Na duba har idona ya yi ruwa. Na ce, "Ni dai na ga lafiya lau."

Ya ajiye lemar a hankali ya ce, "Da Baffa ne, tun na farko ya gani."

Kana kishin layi ɗaya a jarida. Ni a layin nan kaɗai na taɓa zama ubansa, shi ya sa na yi shiru. In ya buɗe baki, kai ne: Baffa ya ce, Baffa ya hana, Baffa ba ya son haka.

Saura abin da ya fi muni. Ranar da aka ɗauki hoton ya ba ni takarda in haɗa da tawa in aiko maka. Na karanta, na sa ta a aljihun kwat. Wata guda yana tambayata ko ka amsa, ina cewa gidan waya ne. Ga ta nan.

Ka yafe mini in za ka iya.
Nicanor

6 ga Afrilu

Baffa,

A sa mini albarka, kai da Inna Ramona. Na buga ta haye katanga. Jifa ce ƙasa ƙasa ta waje, irin wadda kake yi mini da murfi, na jira ta kamar yadda ka ce. Da nake zagayawa na dubi wurin zama ina nemanka, sai na tuna.

Masu jifan nan sun fi na gida wayo, ina jin tsoro kaɗan. Kada ka faɗa a kanti. Ka riƙa jin wasa, in ka ji wani abu ba daidai ba ka rubuto da sauri.

Ɗanka, Eladio

San Pedro de Macorís, 14 ga Mayu

Nicanor,

Na gaishe ka. Maganar yafiya a bar ta tukuna, ban kai can ba.

Na ji wasa goma a rediyo, duk jifar waje ce ke cin sa. In yana tsoro yakan buɗe kafaɗar hagu kafin ƙwallo ta iso, tun yana shekara tara haka yake. Ka hau mota ka je duk garin da suke. Ka zauna ta gefen da za ka ga ƙirjinsa. In ka hango rubutun rigarsa kafin sanda ta motsa, shi ne. Ka ce ya ɗora haɓarsa a kafaɗar, ya ƙirga ɗaya.

Ramona ta ce in bar ka ka gaya masa kai ka gano, ko ya fara kiranka Baba. Na ɗauki alƙalami sau biyu in rubuta haka, hannuna ya ƙi.

Ka ce Baffa ne ya ce.

Yayanka, Anselmo