Hawa Uku Na Gina Masa, Farar Takarda Ta Ɗaure Ni

Ustaza Nawal, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan kai wa kukana ba tare da ya ce ni na jawo wa kaina ba.

Ni magini ne a Damanhur ta ƙasar Masar, shekara ashirin da biyu ina zuba kankare. Bara kawun matata, Hajji Abdussabur, ya ce in ɗora masa hawa uku a kan gidansa. Na ce a rubuta yarjejeniya, sai ya ɓata rai, wai tun yaushe ake rubutu tsakanin ɗa da uba. Muka karanta Fatiha, aka sha shayi, shi ke nan kwangilar. Amma ranar da zai ba ni kuɗin rodi sai ga takardar amana, irin wadda mutum yake sa hannu cewa an ba shi kuɗi ajiya, ba a rubuta adadi ba, wai don hankalin 'ya'yansa ya kwanta. Na sa hannu. Kowa yana yi, ni ma na taɓa sa wani ya yi mini.

Gini ya tashi, har Hajji ya zuba 'yan haya a hawa biyu. Cikon kuɗina fam dubu ɗari uku da arba'in, ko sisi bai ba ni ba. Mai siminti ya daina amsa sallamata. Da na matsa wa Hajji, sai ya ce na yi jinkirin wata biyu, kuma matakala ta karkace. Ya dafa aljihun jallabiyarsa, ya tuna mini cewa miliyan ma zai iya rubutawa a saman sa hannuna, kotu ta ɗaure ni da laifin cin amana. Mutumin nan a sahun gaba yake salla, Ustaza! Na tsane shi, na tsani kaina. Makullin hawa na uku yana hannuna, zuciyata tana ta ce mini in je in ɓalle ƙofofi da tagogin da na saka.

Magini mai baƙin ciki

Ɗan'uwana,

Bar ƙofofin nan. Ranar da ka taɓa su, ka ba shi laifi na gaskiya, alhali yanzu na ƙarya kawai yake riƙe da shi.

Ka ga lauya a makon nan, kafin Hajji ya cike takardar. A shigar da bayani a hukumance cewa farar takarda marar adadi ka sa wa hannu, jingina ce ta aiki, ba kuɗi aka ba ka ajiya ba, da sunayen waɗanda suka halarta. Tattara rasidan rodi da siminti. A nemi kotu ta turo masani ya auna aikin. Tambayi lauyan kuma game da fifikon da doka take bai wa magini a kan ginin da ya yi, don sai an yi masa rajista yake amfani.

Amma ban ji ka musanta jinkirin ba, balle matakalar. Idan ta karkace, gyara ta, ko a rage kuɗinta. Wannan haƙƙinsa ne, ko da ya nema ta mummunar hanya.

Dattawan dangi za su nemi sulhu, kuma ka je. Wataƙila ka yafe dubu hamsin, zai yi ciwo. Sai dai kada ka karɓi ko fam ɗaya, kada ka miƙa makulli, sai asalin takardar ta dawo hannunka ka yaga ta da kanka a gabansu. Muddin tana aljihunsa, ko ya biya ka duka, fursunansa ne kai.

Allah ya kwance maka wannan ƙulli, ya mayar maka da guminka.