Gidan Aljanu Mai Ƙofa Biyu

Litinin, 2 ga Oktoba

Na gaji da ganin kututturen nan. Kullum na fito shanya yana nan zaune, baƙi ƙirin, tsayinsa ya kai mini ƙugu. Mai tone kututture ya zo ya duba, ya ce sai maƙwabcina Merv ya yarda, tunda bishiyar a kan iyaka take, rabi nawa rabi nasa. Na ce ya shanye shayinsa ya kama gabansa. Ni Coralie in je in buga ƙofar Merv? Wata goma sha huɗu ke nan ko ina kwana ba ta haɗa mu ba.

Tunda ba zai fita ba, zan mai da shi gidan 'yan aljanu, irin ƙananan nan masu fukafukai da yara ke ajiye wa wasiƙa. Littafin da ƙanwata Maureen ta aiko mini daga Ingila ya shekara uku a kan firji yana shan ƙura. Yau ranarsa ta zo.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Na tsinto ɓawon kawa cike da aljihu a bakin ruwa, da tsakuwa, da gansakuka. Gwiwata ta dama sai ƙorafi take, ban kula ta ba.

Bari in rubuta sau ɗaya, don kada wata rana in manta cewa ni ce mai gaskiya. Reshen bishiyar turaren nan ne ya faɗo kan rumfar kajina bara, ya kashe mini biyu. Merv yana asibiti a birnin Hobart ana yi masa aikin ƙugu, ni kuma na kira masu zarto suka sare bishiyar. Ya dawo ya tarar da sarari. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsaya a kan sandarsa ya daɗe yana kallo, sannan ya shige gida. Da na ga wata guda ya wuce yana ɗauke kai, na samo fallen kwano na kafa a tsakiyar kututturen, na toshe giɓin da bishiyar ta bari a katanga.

Gaskiya ne, a jikin bishiyar akwai ɗan allon nan shuɗi da matarsa Dulcie ta kafa, inda nake ajiye mata ƙwai ita kuma ta ajiye mini kwalbar zuma, shekara talatin har ta rasu. Ban tuna da shi ba ranar. Kajina nake tunani.

Asabar, 7 ga Oktoba

Littafi ya ce dole ƙofar gidan ta kalli kudu, don rana ta riƙa dukan furanni da tagogi. Ɓangarena shi ne kudu. Ka ga ko littafi ma ya san wa ya kamata ya samu gidan.

Laraba, 11 ga Oktoba

An gama ƙofa! Tsinken askirim bakwai, gam, da maɓallin tsohuwar rigar Kev mijina a matsayin mariƙi. Da yana raye da ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Rufi na ɓawon kawa, matakala ta tsakuwa, tagogi biyu na murfin kwalba. Na dasa 'yan furanni shida masu son rana a bakin ƙofa, yadda hoton ya nuna.

Glenys ta ƙungiyar lambu ta zo ta gani. Ta sunkuya ta leƙa, ta ce, "Ƙawata, wannan ƙofa ai ko aljanin da ya sha ya bugu ba zai shiga ba, dubi yadda ta karkace." Na ce da gangan na yi, aljanu ba sa son miƙaƙƙen abu. Ta ce, "To shi ya sa suka zaɓe ki." Muka ci kek ɗin lemo a kan matakala muna ta shewa. Da za ta tafi ta nuna kwanon da haɓa, ta ce, "Kyaftin fa?" Na ce ta gaishe da gida.

Kyaftin nake ce wa Merv a da, don shekara arba'in ya yi yana ƙera kwale-kwale. Shi kuma ya ce mini Gwamna. Duk layin nan shi kaɗai ya rage da ya san Kev, ya san muryarsa. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Ruwa kwana uku. Ƙofa ta ɓalle ta faɗi rub da ciki. Katantanwa biyu sun tare a falon ba sallama.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Na sake manna ƙofa sau biyu. Furannin sun yi tsawo sun yi fari fat, duk sun kwanta suna neman wani abu. Ina durƙushe ina yi musu faɗa sai na ji tari a bayan kwano. Merv ne da karensa Rusty.

"Ka ji ko, Rusty," ya ce, da ƙarfi yadda kurma ma zai ji, "akwai mutanen da suka shekara saba'in a nan garin Cygnet suna shanya ta arewa, amma littafin Ingila ya ce musu rana ta kudu take bi, suka ce to."

Wallahi sai da kunnuwana suka ɗauki zafi. Su can rana ta kudu take zagaya musu, mu nan kudancin duniya ta arewa. Abin da na sani tun ina 'yar shekara biyar! Tumatirina a arewa, igiyar shanyata a arewa, amma na ɗauki aljanun mutane na zuba su a wuri mafi sanyi da danshi a duk gidan. Kuma ɓangaren da rana ke duka tun safe yana bayan kwanon da na kafa da hannuna.

Na juya wajen kazata Madam, na ce, "Madam, faɗa wa masu leƙen gidan mutane cewa aljanuna inuwa suke so." Ya ce, "Rusty, ce mata gam ɗin takarda ne ta sa." Sai na ji takunsa da sandarsa, ƙwas, ƙwas, ya koma ciki.

Na shiga kicin na yi ta dariya ni kaɗai, har shayi ya huce. Wata goma sha huɗu, kuma abin da ya fara fita daga bakinsa zancen rana ne da gam.

Talata, 24 ga Oktoba

Da safe na tarar da gwangwanin gam ɗin kwale-kwale a kan kututture, a ɓangarena. Ba wasiƙa. Na yi amfani da shi don kada ya bushe a banza. Da na mayar, na ɗora ƙwai huɗu a kan murfin, kajin sun yi yawan saka ne kawai.

Asabar, 28 ga Oktoba

Kwana uku ina jin zarto da ƙwanƙwasa a bayan kwano. Ban leƙa ba.

Na leƙa. Ta ramin ƙusa, ba a ganin komai sai hularsa.

Laraba, 1 ga Nuwamba

Yau ya tafi da Rusty wajen likitan dabbobi, na jawo bokiti na hau na leƙa ta sama. Gwiwa ta ce kar, na ce yi mini shiru.

Ya yi wa kututturen ƙofa ta ɓangarensa. Ƙofa ta gaske, tsawon tafin hannuna, mai lanƙwasasshen kai kamar baka, an goge ta sumul, tana buɗewa tana rufewa. Ga ɗan benci a gefe, ga ɗan kwale-kwale a kife kamar mai shi ya je cin abinci. Rana ta cika wurin tam. Na fara jin haushi, don kusa da tasa tawa kamar kaza ce ta yi ta.

Sai na lura da launin. Shuɗi ne, ya koɗe, da zagayen da gindin kwalba ya bari a jiki. Allon Dulcie. Ni na ɗauka masu zarto sun kwashe shi da shara. Ashe da ya dawo daga asibiti, da ƙugun da ko mako biyu bai yi da ɗinki ba, ya tona tarin rassan nan har ya samo shi.

Ina kan bokitin suka dawo. Ba yadda za a yi mace mai shekara saba'in da ɗaya ta sauko daga bokiti da sauri. Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa. Na nemi Madam ban gan ta ba, dole na yi magana da bakina. Na ce, "Merv, da na jira ka dawo. Ban kyauta ba." Kuka ya zo mini, na kasa tare shi.

Ya daɗe yana sosa kan Rusty. Can ya ce, "Bishiyar ta ruɓe ta ciki, na sani tun tuni. Ni na kasa kiran masu zarton." Sannan ya ce, "Sauko kafin ki karye, ba ni da ƙarfin ɗaukar ki."

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Mun cire kwanon. Don furanni ne, suna bukatar rana, ba wani abu ba. Shi ya zare ƙusoshi, ni na riƙe, yana ta mita wai wanda ya kafa su ko guduma bai iya riƙewa ba. Furanni huɗu sun tsira, mun mai da su arewa kusa da bencin. Ɓangarena na bar wa gansakuka, ita dama danshi take so, har ta fara yin kore shar.

Ya so ya gyara mini ƙofata, na hana. Gida ne mai ƙofa biyu, aljanin da ke son miƙaƙƙiya ya zagaya.

Saman kututturen ya zama fili yanzu, daidai faranti biyu. Da yamma na ji an ƙwanƙwasa shi da sanda. "Gwamna, akwai sauran kek ɗin nan, ko Glenys ta cinye?"

Na ce babu. Na sa wani a wuta.