Wankan Goje

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024
Sati na uku a Kwatarkwashi ina jinyar Baba. Hannun dama har yanzu bai motsi, magana kuma rabi-rabi. Amma yau ya samu bakin ce mini ni zan wanke Goje, farin zakaransa, in kai shi baje kolin dabbobi na Gusau ran goma sha shida ga wata. Shekara tara bai taɓa fashi ba. Na ce, "Baba, ni tela ce." Ya juya fuska bango, ya ƙi shan kunu. Yaya Usman na jin haka ya ce yana da taro a Bungudu. Kullum taro.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Wankan gwaji. Roba uku, ruwan ɗumi, sabulun jarirai, tsohon burushin haƙora na goge ƙafafu. Baba na kan kujera yana nuni da sanda. Goje ya yakushe ni tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, ya watsa mini kumfa a ido. Da na ce wash, abin da Baba ya ce kawai: "Kunnenai!" Wai kar ruwa ya shiga kunnen zakara. Nawa idon oho.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
An hana shi masara, wai tana sa farin gashi ya yi rawaya. Gero zalla. Ni na ci tuwon masarar.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Mansura mai shagon kusa da nawa ta kira. Hajiyar da na ajiye wa ɗinkin suna ta gaji, ta kwashe atamfofinta. Ina sauraro da waya a kunne, hannuna na yanke wa zakara akaifa. In wani ya ba ni labarin nan dariya zan yi.

Litinin, 11 ga Nuwamba
Na yi ɓarna.
Baba ya ce a ɗiga bula kaɗan a ruwan ɗauraya don farin ya fito. Ni da ke wankin yadi kullum, na ce na fi shi sanin bula. Na zuba yadda na saba. Goje ya fito shuɗi, kamar rigar 'yan makaranta. Inna ta toshe baki da zane ta shige ɗaki. Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya daɗe yana kallo, sai hawaye ta ido ɗaya. Ko ran da aka kwantar da shi asibiti ban ga haka ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba
Wanka uku cikin kwana biyu. Shuɗin ya tafi sai ƙarƙashin fiffiken hagu. Baba ya sa na ɗora masa shi a cinya, ya kama hannuna da nasa na hagun, ya bi da shi yadda gashin ya kwanta. Ashe duk kwanakin nan tayar da shi nake yi. Goje ya lumshe ido. Munafuki.

Juma'a, 15 ga Nuwamba
Wani ya bar akurki a buɗe, Goje ya fita ya yi birgima a toka. Ba zan rubuta abin da na faɗa ba. Da auduga na bi shi gashi-gashi har la'asar.

Asabar, 16 ga Nuwamba
Mun je, Baba a gaban mota, ni a baya da keji a cinya. Na shafa wa zankon man kaɗanya har yana sheƙi. Alƙalin gasar ya juya shi, ya duba ƙafa, ya duba ido. Na fara sa rai, wallahi. Sai ya ɗaga fiffiken hagu.
Goje ya zo na huɗu. Na Malam Mahadi na Tsafe, abokin hamayyar Baba tun da can, shi ya zo na ɗaya. Ya ƙaraso yana dariya: "Malam Manu, bana rini kuka koma?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya dafa sanda ya miƙe da kansa, ya ce, tiryan-tiryan ba gargada, "Ɗiyata ta wanke shi. Farkonta ke nan. Kai farkonka na nawa ka zo?"
Malam Mahadi ya sosa ƙeya. Na shiga bayan rumfa, na ce waya zan amsa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba
Na dawo Gusau ran Litinin, Yaya Usman ya karɓi jinya. Alhamdu lillahi, na rabu da kaji. A hanyar kasuwa na ga wani ya rataye farar kaza a babur, kanta a ƙasa. Ban san lokacin da na tsayar da shi ba. Ƙafafunta masu kyau ne, santala-santala. Na saye ta, don miya.
Mansura ta tambaya yaushe za a yanka. Na ce wuƙar ba kaifi. Ta ce mai wasa wuƙa na wucewa kullum da safe.
Na ce ban taɓa jin shi ba.